Obalodin da Baba Bai Yi Ba

Na Allah ne mu, gare Shi za mu koma, Baba kuwa ya riga mu tafiya. Ya cika ranar Talata da hantsi a ɗakinsa da ke unguwar Kusfa, aka yi masa sutura, kafin azahar muka kai shi makwancinsa. Ba mutuwarsa ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Tsoho ne, ya ga 'ya'ya ya ga jikoki, ciwon ajalinsa ma bai wahalar da shi ba. Abin da kunnena ya ji a zaman makoki shi ya hana ni sakat, kuma ba zan ɓoye ba, cikin fushi nake wannan rubutu.

Kwana uku ina zaune a zaure ina karɓar gaisuwa, kafaɗa da kafaɗa da Baffa, ƙanin Baba, wanda kuma surukina ne, don 'yarsa nake aure. Jama'a sun zo, ba laifi. 'Yan kasuwar hatsi sun zo, masu jakuna daga ƙauyukan bayan dutsen Kufena sun zo, direbobi sun zo suna warin baƙin mai. Sai dai kusan kowa in ya gama "ya haƙuri", sai ya sassauta murya ya ƙara da cewa, "Allah ya yafe masa abin nan da ya faru." Wani dattijo mai sayar da dawa har da riƙe mini hannu. Ya ce, "Malam, mahaifinka mutumin kirki ne. Kuskure ɗaya ne ya gifta masa, wa ya fi ƙarfin kuskure?" Baffa ya gyara zaman rawaninsa ya ce amin, da ƙarfi, yadda na ƙofar gida ma zai ji.

Wani direba da bai san unguwar ba na jiyo shi a waje yana tambaya, "Nan ne gidan Obalodi?" Aka ce masa nan ne. Mutum wajen ashirin ne a ƙofar gidan, ba a samu ɗaya da ya gyara masa ba.

Ran na uku Gwaggo, ƙanwar su Baba, ta sa aka kira ni soron ciki. Na tarar da ita idanu jawur amma fuska a sake. Ta ce, "Albishirinka. Iya ta shigo." Iya maƙwabciyarmu ce, matar wani baduku da ya mutu a haɗarin mota shekara shida da suka wuce. Gwaggo ta ce, "A gaban mata ta tsaya ta ce kowa ya shaida, ta yafe wa Yaya jinin mijinta, duniya da lahira. Ɗakin kowa sai da ya yi kuka. Yanzu kam Yaya zai kwanta da sauƙi."

Na juya na koma zaure, don da na buɗe baki da na yi abin kunya. Ana yafe wa mutum abin da ya yi ne. Baba bai yi wa motar nan obalodi ba. Na san wanda ya yi, da idona na gan shi, shi ne kuma yake zaune kusa da ni a zaure yana amsa amin. Sunan Baba nake so in wanke, kuma na san in na wanke shi gidana na iya watsewa.

Ga wanda bai san kalmar ba, bari in yi masa bayani. Ta Turawa ce. Direbobin da suka dawo daga yaƙin Bama su suka shigo mana da ita birni, tare da birki da giya da sauran tarkacen mota. Lodi kowa ya sani, ɗora wa mota kaya ne. Obalodi kuwa shi ne a ɗora mata fiye da abin da aka ƙera ta ta ɗauka. A jikin kowace babbar mota an rubuta iyakar nauyinta da fenti, abin da ya haura wannan, ko buhu ɗaya ne, obalodi ne, kuma laifi ne a wurin hukuma. Ni malamin makaranta ne, na taɓa buɗe littafin Turanci na karanta wa Baba fassarar kalmar, ina ji da kaina. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malamin boko, Bature suna kawai ya raɗa wa abin. Jakina ya riga shi sani."

Haka yake kirana, malamin boko, don ni ne ɗan fari, ba ya faɗin sunana. Ya ce, "Kaya mai nauyi daban, obalodi daban. Raƙumi ka labta masa buhu huɗu ya tashi yana tuƙa abinsa, jaki ka ɗora masa rabin haka ya durƙusa. Ba kayan ake dubawa ba, mai ɗauka ake dubawa."

Kafin a daɗe kalmar ta fita daga tasha ta shiga lunguna. Mace ta cika tire da ƙosai har yana zuba, a ce ta yi obalodi. Mutum ya ci tuwon biki har ya kasa tashi, obalodi. Keke da mutum uku, obalodi. Kalmar raha ce a bakin kowa, mu ma da ita muke wasa a gida kafin ta zama sunan ubanmu.

Baba da jaki ya fara. Tun yana saurayi yake bin fatake da gishiri da kanwa, a can ya koyi yadda ake daidaita mangala, da wani ƙulli da ba na ganin irinsa a hannun kowa: girgiza tana ƙara masa ƙarfi, amma ja ɗaya ke kwance shi. Da motoci suka yawaita, Baffa ya sayi babbar mota mai bodin katako, ya sake sayen wata, ya ɗauko yayansa ya ba shi shugabancin lodi a kasuwar hatsi. Baba bai iya karanta rubutun jikin mota ba, bai kuma nemi a karanta masa ba. In 'yan dako sun gama jera buhuna, sai ya zagaya motar, ya durƙusa, ya tura dunƙulen hannunsa tsakanin taya da bodi. In hannun ya shiga ya juya, mota ta tashi. In bai shiga ba, a sauke, ko da kuwa direba ya riga ya ta da inji. Shi da kansa yake ɗaure igiya a kan tamfol. Fasinja a kan buhuna suke zama, kuma magana ce da ta zaga gari cewa in lodin Baba ne, hau ka yi barcinka.

Ba waliyyi ba ne, kada a ce na yi son kai. Bakinsa da zafi. Yana iya sa a rushe lodin mota guda da tsakar rana don buhu biyu sun karkace, 'yan dako suna zufa suna zaginsa a ciki. Bai iya ganin ɗauri ya wuce ba. Inna, mahaifiyarmu, in za ta tafi biki ta ɗaure ƙunshinta, sai ya kwance ya sake ɗaurewa a gaban kowa, ita kuwa ta ce wata rana likkafaninsa ma sai ya tashi ya gyara.

Wata Juma'a muna dawowa daga masallaci, yana sanye da rigarsa mai aska wadda ba ta fita sai Juma'a, muka tarar da wani baƙauye a bakin ƙofar gari yana jibgar jakinsa. Jakin ya durƙusa da buhunan dawa, ya ƙi tashi. Baba ya riƙe sandar. Bai yi wa mutumin faɗa ba, abin da ya ba ni mamaki ke nan. Ya kwance buhu ɗaya, ya ce in taya shi, ya ɗora a kansa, jaki ya miƙe. Haka muka ratsa gari har kasuwa, Baba da buhu a ka da rigar Juma'a, mai jaki yana biye yana ta "don Allah Baba kawo, don Annabi kawo." Da ya sauke sai ya ce masa, "Gobe in ka ga zai yi masa yawa, ka ɗauki ragowar da kanka, ka ji yadda yake ji." Inna ta yi kwana biyu tana mita a kan rigar.

Rigimarsu da Baffa kuwa duk kasuwa ta gani. Ranar kasuwa ce, an gama lodi, Baba ya ɗaure, sai ga Baffa da lema ya ce a ƙara buhu shida. Baba ya ce ba wuri. Baffa ya ce, "Yaya, motar nan fa tawa ce." Baba ya ce, "Taka ce. Mutanen da ke kanta fa, su ma naka ne?" Baffa ya juya ya ce wa 'yan dako su ɗora. Sai Baba ya je gaban motar, ya shimfiɗa buzunsa daidai bakin taya, ya zauna, ya ɓare goro. Kasuwa ta kwashe da dariya, Baffa ya naɗe lemarsa ya tafi. Tun daga ranar bai sake yi wa Baba musu a kasuwa ba. Mu muna cewa ya saduda, ashe hanya ya sake.

Ranar da abin ya faru Lahadi ce, da kaka, ba makaranta. Na hau keke da safe zan je gonar Baba a gindin Kufena in duba masu sussuka. Ina fita bayan ganuwa sai na hango motar Baffa a ƙarƙashin wata tsamiya, nesa kaɗan da hanya. An yaye tamfol, igiyar Baba tana ƙasa a kwance, fasinja sun sauka sun fake a inuwa. Ga jakuna da buhuna, ga 'yan dako biyu suna cilla su sama, ga Baffa tsaye yana nuni da lema. Ba sai an yi mini fassara ba. Baba ya yi lodinsa a kasuwa, mota ta fito da shaidarsa, a nan kuma ake ƙara abin da ya hana.

Me na yi? Na sauka daga keke, na cire takalmi, na durƙusa har ƙasa na gaida surukina, kaina a sunkuye, kamar yadda aka koya mini tun ranar da aka ɗaura mini aure. Ya ce, "Lafiya lau, wuce abinka." Na wuce abina. Tsakanina da kasuwa tafiyar da ba ta kai shan kunu ba ce a keke, da na juya na gaya wa Baba da ya zo ya sake shimfiɗa buzunsa. Amma yaro ba ya kai ƙarar surukinsa. Na tafi gona na yini ina kallon sussuka.

Kafin la'asar labari ya iso gari. Motar ta zo gangaren wata gada, birki ya kasa riƙe ta, ta kife, buhuna suka rufe mutane. Uku suka mutu, cikinsu har da maƙwabcinmu baduku, mijin Iya, wanda ya hau motar da jakunkunan fata zai kai kasuwar kudu. An ce da zai fita matarsa ta yi masa maganar hanya, ya ce mata lodin maƙwabcinsa ne, ba abin tsoro.

Washegari Baba ya bi wata mota ya je wurin. Ya dawo, ko tuwo bai ci ba. Da aka zauna bincike a gaban alƙali ina wurin. Baturen da ke duba motoci ya faɗi adadin buhunan da ya tarar, tafinta ya juya maganar, amma kalma ɗaya ya bar ta yadda take, ya ce obalodi ne. Direba yana kwance da karaya, an riga an kai shi garinsu. Fasinjan da suka tsira baƙi ne, kowa ya kama gabansa. Alƙali ya ce, "Wane ne mai lodin motar nan?" Baba ya miƙe ya ce, "Ni ne mai lodi." Aka ce, "Kai ka ɗaure ta?" Ya ce, "Ni na ɗaure ta a kasuwa." Bai yi ƙarya ba, ko a nan bai yi ƙarya ba, ya ce a kasuwa, ba wanda ya tambaye shi bayan kasuwa fa. Baffa yana zaune yana jan carbi. Aka duba shekarun Baba aka ce kuskure ne, ba za a ɗaure shi ba, amma har abada kada ya sake taɓa igiyar mota. Ni ma ina zaune, bakina a rufe.

Da muka dawo gida na same shi a zaure na ce, "Baba, na gani. A bayan ganuwa aka ƙara, Baffa yana tsaye."

Ya ce, "Na sani. Na ga ƙullin, ba nawa ba ne."

Na ce, "To don me?"

Ya ce, "Ranar da uwarmu za ta cika, hannunsa ta kama ta sa a nawa, yana ɗan shekara huɗu. Da na faɗa, gidan yari za a kai shi, a karɓe motocin, gidansa kuwa ka san yawan bakin da ke ci. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Matarka ma 'yar wace ce?" Sannan ya ce, "Muddin ina numfashi ban yarda ka buɗe baki ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Har na miƙe sai ya ce, "Tsaya. Da ka gan su, me ka yi?"

Na ce, "Na gaishe shi."

Ya daɗe yana dubana. Ya ce, "To, kai ma ka ji da naka."

Shekara shida ya yi da wannan suna. Da fari a bayan ido ake faɗa, daga baya har a gabansa: gonar Obalodi, jikan Obalodi, lungun gidan Obalodi. Mutumin da ya zauna a bakin taya don buhu shida, shi aka laƙaba wa wannan. Ya koma noma. Bai sake ratsa kasuwar hatsi ba, gara ya zagaya ta bayan masallaci ko da rana ta take. Amma in babbar mota ta wuce sai ka ga ya tsaya cak, ya karkata kai yana saurare, ya ce a hankali, "Wannan ta yi nauyi ta baya." Kowace sallah Baffa yana aiko da rago da buhun dawa. Baba ya karɓa ya yi godiya, ya rabar wa maƙwabta, ko loma bai taɓa kaiwa bakinsa ba. Shi kuwa Baffa ya je Makka ya dawo, motoci suka zama huɗu, bai taɓa takowa ya durƙusa ya ce Yaya na cuce ka ba.

Ina fushi da Baffa, wannan ba sai an faɗa ba. Amma Baba, kai ma ina fushi da kai. Ka san abin da jaki zai iya, ka san abin da mota za ta iya, ba ka taɓa tsayawa ka duba ko mu 'ya'yanka za mu iya ba. Ka ɗaure mini baki da zumunci ka bar ni ina cin tuwon 'yar mutumin, ina durƙusa masa duk Juma'a.

Ran na biyar da rasuwa na kasa daurewa, na je gidan Iya da hantsi. Na yi sallama ta fito zaure, ta zauna a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. Na ce, "Iya, na ji kin yafe wa Baba, Allah ya saka. Amma na zo in gaya miki ba shi ya yi ba."

Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Na sani, ɗan nan."

Na ce, "Kin sani?"

Ta ce, "Kwana biyu mai gidan nan ya yi kafin ya cika, ƙirjinsa ne ya karye, ba bakinsa ba. Ya gaya mini tsamiyar, ya gaya mini jakunan, har kai ya ce ya gani da kekenka. Ni kuma na gaya wa wadda ta taya ni zaman takaba. Kana tsammani akwai gidan da ba a sani ba a Kusfa?"

Shekara shida ina ɗauke da abin kamar ni kaɗai aka ba ajiya, ashe duk mai ce mini "Allah ya yafe masa" ya san abin da na sani. Na ce, "To Iya, me ya kai ki tsakar gidanmu kina yafe masa?"

Ta ce, "Babban ɗana a motar wa yake tuƙi? Surukinka Alhaji ne ya ɗauke shi bayan uban ya mutu, da shi muke ci. Zuciya kuwa tana son ta sauke, na gaji da riƙo, na tsufa. In na je na ce wa Alhaji na yafe maka, ai na ce masa shi ya yi ke nan. Sai na kai yafiyar inda za a karɓa." Ta ci gaba da gyara bakin tsintsiyarta. Ta ce, "Mahaifinka bai taɓa musawa ba yana raye, na ga ba zai musa yanzu ba."

Na koma gida na tarar da mai ɗakina tana tankaɗen garin sadakar bakwai. Na ce mata jibi zan yi magana a gaban jama'a. Ba ta tambaye ni wace magana ba, a nan na gane ita ma ta sani. Ta ce, "Malam, Baba ya rufa wa ƙaninsa asiri da ransa, kai za ka tona da mutuwarsa?" Na ce cewa ya yi muddin yana numfashi. Ta ajiye rariya ta ce, "In ka faɗa, Alhaji zai aiko a tafi da ni, ni kuwa ban iya ce wa mahaifina a'a ba. Shekara tara ban taɓa yi maka yaji ba. Ka duba." Na duba, wallahi na duba. Mace ce da ban taɓa samunta da laifi ba, ita ta yi jinyar Baba kamar ita ya haifa.

Ran bakwai aka cika ƙofar gida da safe. Malamai suka sauke karatu, aka fito da waina da gumba. Kafin a shafa fatiha, Baffa ya yi gyaran murya a matsayinsa na babban gida yanzu. Ya ce, "Jama'a, Yaya ya tafi. Abin da ya faru a baya ƙaddara ce, ba da gangan ya yi ba. A madadin iyali ina roƙon duk wanda abin ya shafa ya yafe masa."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ban cire takalmi ba, ban sunkuyar da kai ba. Na ce, "Baffa, Baba ba ya bukatar wannan roƙo. Lodin da ya yi a kasuwa daidai ne. A bayan ganuwa, gindin tsamiya, aka kwance igiyarsa aka ƙara buhuna, kai kana tsaye da lema. Na zo na gaishe ka, ka ce in wuce. Kowa a nan ya sani. In akwai mai neman yafiya a wurin nan, ni ne da kai."

Wani ya ja gefen rigata. Liman ya ce, "Malam, zauna, zafin rashi ne. A bar kaza cikin gashinta." Nan da nan aka samu abin faɗa, wannan ya ce haƙuri, wancan ya ce ba yau ba, wani a baya ya ce boko ce ta ɓata shi. Na dubi dattijon nan mai dawa, ya kawar da kai. Baffa bai ko dube ni ba, ya ce, "Allah ya shirye ka."

Sai wata murya daga can ƙarshen tabarma, wajen da ake ajiye takalma. Wani tsohon ɗan dako ne da ya yi shekaru a ƙarƙashin Baba, ɗaya daga cikin biyun da na gani a ranar. Bai miƙe ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Haka aka yi. Ni na kwance igiyar. Buhu goma sha biyu muka ƙara." Liman ya yi sauri ya ɗaga hannu aka shafa. Baffa ya tashi ya tafi, mutane suka ɗebi waina suka watse, ba wanda ya yi mini sallama.

Kafin la'asar wata tsohuwa ta zo daga gidan Baffa. Mai ɗakina ta goya ƙaramar 'yarmu, ta riƙe hannun babbar, ta tsaya a bakin ɗakina ta ce, "Malam, na tafi." Na ce Allah ya kiyaye. Abin da muka ce wa juna ke nan.

Yau wata biyu ɗakinta a rufe. Na aika dattawa sau biyu, Baffa ya ce ba shi da suruki. Tsohon ɗan dakon nan an hana shi ɗaukar kaya a kasuwar hatsi, yanzu itace yake sarowa. Iya in ta hango ni sai ta sake lungu, ban kuma ga laifinta ba. Gwaggo ta ce na kashe gidan da Yaya ya ba da sunansa don ya raya. Mutum ɗaya tak na samu ya ce haka aka yi, shi ya sa na rubuta, don takarda ba ta da ɗa a motar kowa.

Ana tambayata ko na yi nadama. Na yi, amma ba ta ran bakwai ba. Nadamata ita ce shekara shida Baba yana zagaya kasuwa ta bayan masallaci, yana da kunnen da zai ji wani ya ce a bainar jama'a ba shi ya yi ba, ni kuwa na yi masa biyayya na jira sai da aka rufe shi da ƙasa.

Allah ya ji ƙan Baba, ya yalwata masa kabarinsa, ya gafarta masa abin da ya aikata. Wanda bai aikata ba kuwa, masu shi muna nan da ranmu, kowa ya nemi tasa gafarar.